Shirun Dogo a Sararin Sama

Akwai wani mataimakin matuƙin jirgin sama da ake kira Dogo. Kyaftin ɗinsa ya taɓa ce masa jaki a gaban ma'aikata, ya kuma yi masa sharrin da ya hana shi ƙarin girma.

Dogo ya ƙullace shi. Kullum ya dawo gida sai ya ce wa matarsa, "Wallahi sai na ga bayan mutumin nan."

Ita kuwa ta ce, "Baban yara, ka bar shi da Allah mana."

"Zan bar shi, amma sai na rama."

Wata rana Dogo da Kyaftin suna can sama, an fara raba wa fasinjoji shayi, sai injin hagu ya yi ƙara ya mutu.

Ƙa'idar a bayyane take. A ƙara wa ɗaya injin wuta, a sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, sannan a sauko a hankali zuwa inda inji ɗaya zai iya riƙe jirgin. In aka tsaya a can ƙololuwa, gudu zai yi ta raguwa har jirgin ya kasa riƙe kansa a iska.

Kyaftin ya rikice. Ya shagala da ƙoƙarin tayar da mataccen injin, ya manta da saukowa.

Dogo yana kallon gudu yana raguwa. Aikinsa ne ya faɗa, amma ya ja bakinsa ya yi gum. A ransa ya ce, "Yau dai asirinka ya tonu. Bari na'urar ɗaukar bayanan jirgi ta naɗi shirmenka, kowa ya ji."

Kwatsam sitiyari ya hau karkarwa, ƙararrawa ta ɗauka, jirgin ya karkata. Salati ya kaure a baya.

Sai a lokacin Dogo ya ƙwala ihu, "Kyaftin, gudu ya ragu! Sauke hancin jirgi!"

Da ƙyar suka daidaita shi, suka sauka a filin jirgi mafi kusa. Wata ma'aikaciya ta karye a hannu, shayi ya ƙone wani jariri a cinyar uwarsa.

Da aka zauna bincike, aka ƙwace lasisin Kyaftin. Dogo na shirin murmushi, sai shugabar masu bincike ta juyo gare shi.

"Kai kuma idonka na kan gudun. Me ya hana ka magana?"

Dogo ya kasa ɗago kai. Tare aka sallame shi da Kyaftin, suka miƙa katin aiki a bakin ƙofa.

Darasi: In ka bar wani ya faɗi don ka huce haushi, duba ko akwai bayin Allah da za su faɗi tare da shi. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da wani a zuciya.