Rantsuwar Mai Gyaran Ordinatar da Littattafan Malam Gazali

Ya 'yan uwa Musulmi, an yi wani mutum a garin Tasawa, a cikin waɗannan shekaru da muke ciki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Sana'arsa gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan aiki a wani shago kusa da kasuwa. Ma'aikatan biro, wato ofis, da malaman lakwal, makarantar boko, daga Mayahi har Gidan Amumune suna kawo masa aiki. Yana da hannu, wannan gaskiya ce. Amma yabo ya shiga kansa, har ya kai ba ya jure a nuna masa abu a cikin sana'arsa.

A ƙasar Hawandawaki akwai dattijo, Malam Gazali, wanda ya koyar da mutumin nan karatu tun yana ƙarami. Malam ya gaji littattafan kakansa rubutun hannu, na fiƙihu da magani da tarihin waɗanda suka fara haƙa rijiyoyin yankin. 'Yarsa Huda, malamar lakwal, ta yi shekara uku tana ɗaukar hotonsu shafi bayan shafi tana ajiyewa a ordinatar ɗinta. Wata damina ɗakin littattafan ya rufta, ruwa ya cinye takardun. Tun daga ranar, abin da ya rage na wannan gado duka yana cikin na'ura ɗaya, da wani ƙaramin faifai da take ajiye kwafinsa.

Da na'urar ta fara nauyi, Huda ta kawo ta Tasawa tare da mahaifinta, a sake mata sistem, wato babban tsarin da ordinatar ke tashi da shi.

Ku saurara, domin a nan laifin yake. Masu yin wannan sistem, idan sun saka shi a intanet don a sauke, suna buga wata doguwar lamba a shafinsu, haruffa da alƙaluma sittin da huɗu. Wanda ya sauke sai ya sa na'urarsa ta fitar da lambar abin da ya samu, ya gwada da tasu. In sun yi daidai, abin nan ne da suka yi, ba a taɓa shi ba. In ko harafi ɗaya ya saɓa, to ya lalace a hanya ko wani ya sa masa hannu. Aikin bai kai tsawon alwala ba.

Mutumin nan ya san haka sarai. Amma rezo, wato hanyar intanet, yana wahala a kwanakin, sai ya ɗauki wani kwafi da aka yaɗa a cikin wani zauren masu gyara na waya, ya zuba a kile ɗinsa, ɗan abin ajiya da ake jonawa a na'ura, bai san daga hannun wa ya fito ba.

Huda ta zo da lambar a rubuce a takarda, ta kwafo ta daga shafin masu sistem ɗin. Ta miƙa masa da ladabi, tana kiransa yaya, ta roƙe shi ya gwada kafin ya fara. A shagon kuwa akwai mutane zaune a kan benci. Wani ɗan kabu-kabu ya yi dariya ya ce yau ga madam ta zo koya wa maigida aiki.

Wannan dariya ce ta halaka shi. Ya karɓi takardar, ya ɗora a kan tebur bai dube ta ba, ya ce an riga an gwada. Malam Gazali, wanda bai san komai game da na'ura ba amma ya san mutane, ya dube shi ya ce:

"Ɗana, ka gwada da gaske? Ba ni da wani abu a duniya bayan wannan."

Ya ce: "Wallahi, Malam, na gwada."

Ya 'yan uwa, me ya rage masa a wannan lokacin? Kalma uku kawai: ban gwada ba. Da ya faɗe su, da an yi masa dariya ta yini ɗaya. Ya zaɓi ya sa sunan Allah a kan ƙarya don kada 'yan benci su ga mace ta gyara masa aiki.

Aka saka sistem, na'ura ta tashi lafiya, suka koma gida suna sa masa albarka. Bayan kwana tara Huda ta jona faifan ajiyarta don ta ƙara wasu hotuna. A gabanta sunayen fayilolin suka rikiɗe ɗaya bayan ɗaya. Mugun abin da aka ɓoye a cikin kwafin sistem ɗin ya kulle na cikin na'ura da na cikin faifai gaba ɗaya. An kai Maradi, an kai Yamai. Masana suka ce babu mabuɗi.

Suka dawo shagon ranar kasuwa. Huda ba ta ɗaga murya ba. Ta nemi kile ɗin da ya yi aiki da shi, ta ari ordinatar ɗin wani malamin lakwal da ke wurin, ta fitar da lambar a gaban kowa. Ta karanta tata, aka karanta tasa. Tun daga harafin farko suka rabu.

Malam Gazali ya juyo wajen mai gyaran. Sannan ya ce: "Da ka ce ba ka sani ba, da na ce ƙaddara ce. Amma ka rantse mini." Ya kama hannun 'yarsa suka fita.

Daga baya aka gano kile ɗin nan ya shiga na'urori da yawa a cikin sati biyu. Masu kawo masa aiki suka zo suka kwashe kayansu, wasu ba su ko yi masa sallama ba. Bai yi wata biyu ba ya rufe shagon. Ya daina sallah a masallacin unguwarsu, domin ba ya iya haɗa ido da mutane. In ya yi magana a taron suna ya ce wallahi, sai a yi shiru. Yanzu yana wani ƙauye wajen dangin uwarsa yana noma.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne na zamani. Malamanmu na da, in ɗayansu ya kwafe littafi, ba ya miƙa shi sai ya zauna da wani, wannan yana karanta asali, wannan yana bin kwafi, kalma da kalma. Magabata suna tafiyar wata guda a kan raƙumi don su ji magana ɗaya daga bakin wanda ya ji ta. Su ba su ga ƙasƙanci a cikin bincike ba. Mu kuma an sauƙaƙa mana shi har ya koma danna maɓalli, muna jin ya fi ƙarfin girmanmu. Ni kaina ina jin kunya a madadin zamaninmu.

To, kai mai gyara, kai mai awo, kai mai ba da magani: abin da ba ka duba ba, kada ka ce ka duba. Wanda ya nuna maka gaskiya ka karɓa, ko ƙanwarka ce.

Malam Gazali ya aika masa cewa ya yafe. Amma yafiya ba ta dawo da shafi ko ɗaya ba. Kullum bayan la'asar dattijon yana zama a zaure, yana faɗin abin da ya tuna, Huda tana rubutawa. Wani lokaci sai ya kai tsakiyar layi ya tsaya. Ta riƙe alƙalami tana jira. Babu sauran mai rai da ya san ƙarshen layin.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da rantsuwar ƙarya, ya kiyaye amanar mutane daga hannayenmu, ya karɓi tuban wannan bawa nasa. Amin.