Ranar da Ruwa Ya Nemi Nasa Kuɗin

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso kusa. Kai Sallau, ajiye moɗar nan, tun ɗazu kake wasa da ruwa kana jiƙa mini tabarma.

Wani gari aka yi can da, mai rijiya guda ɗaya tak. Amma fa rijiya ce ta gaske. Ba wanda ya san mahaƙinta. In ka leƙa sai sanyi ya bugi fuskarka, ruwanta garai-garai, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Mutum ya sha, jaki ya sha, Bafillace mai wucewa ya shayar da shanunsa, ba mai tambayar wani komai.

Abu ɗaya take so a wurinsu, shi ne yasa. Kowace shekara in rani ya tsananta sai a yi gayya a kwashe lakar da ta taru a gindinta. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya ya kama igiya, a zura wani ciki. Wanda ya sauka kuma, kafin ya taɓa komai, sai ya yi sallama ya ce gari ne ya aiko shi. Haka suka tarar iyaye suna yi, haka suke yi, ba su taɓa tambayar dalili ba.

Ana nan ana nan, sai wani ɗan garin mai suna Barmo ya dawo daga fatauci da dukiya niƙi-niƙi. Barmo irin mutanen nan ne da in sun kalli abu kuɗinsa suke fara gani. Ya zauna bakin rijiya yana kallon mata suna ɗiba suna tafiya kyauta, sai abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ɗauki babbar riga mai aiki ya kai wa dagaci. Ya ce bakin rijiya ya zaizaye, a ba shi ita ya gyara, shi kuma ya riƙa karɓar ɗan abin da ba a rasa ba duk wata. Dagaci ya shafa riga, ya sake shafawa, ya ce an ba shi.

Sai Barmo ya gine bakin rijiya da dutse. Sai ya sa maƙera suka ƙera murfin ƙarfe, ya kulle, ya rataya mabuɗi a wuya. Sai ya sa aka yi shela cewa duk tsayuwar wata kowane gida ya kawo kuɗin ruwa. Wanda ya biya a ɗaura wa tulunsa jan zare. Tulun da ba zare kada a gan shi a bakin rijiya. Wanda kuma ya sam wa maƙwabcinsa ko moɗa ɗaya, a kwance nasa zaren.

Kun ji mugun abu ko? Garin da in baƙo ya yi sallama ruwa ake fara miƙa masa, sai ga mutane suna ɓoye randa a ƙuryar ɗaki.

To, Barmo yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da jinjiri a goye, da dakau take ci. Ta sayar da kazarta ta biya kuɗin ruwa. Wani watan ta sayar da tasarta. Da abin sayarwa ya ƙare, aka kwance zarenta. Ta koma tonon yashi a busasshiyar ƙorama, tana samun abin da bai isa jiƙa maƙogwaro ba. Mai shayarwa kuwa in ba ta sha ba, ɗa ba ya samu. Nononta ya fara ɗaukewa, yaro ya fara yaushi.

Sai ta je wajen wanta ta roƙi tulu ɗaya. Ya ce ta kawo kuɗi tukuna.

Kashegari ta koma ta roƙi ƙwarya ɗaya. Ya ce in ya buɗe wa ƙanwa yau, gobe duk gari ƙannensa ne.

Ta koma ta uku. Ta kwance goyo ta miƙa masa yaron.

"Yaya, ba don ni ba. Dubi maɗigarsa ta faɗa. Ludayi ɗaya kawai."

Barmo ya kau da kai. "Tasalla, ranar da kika samu kuɗi ki zo. Ga rijiya nan, ba inda za ta."

Ba inda za ta, in ji shi! Da gari ya waye aka zura guga, sai ya fito da laka. Aka sake zurawa, laka. Ashe lokacin yasa ya zo har ya wuce, ba wanda ya kira gayya. Masu jan zare suka taru a kansa suna cewa sun biya, a ba su ruwansu.

Sai Barmo ya shiga gida gida yana kiran gayya. Waɗanda suka biya suka ce ai sun biya, su yi masa aiki kuma? Waɗanda ba su biya ba suka ce rijiyar da ba su sha ba za su yashe ta ba. Ya ce zai ba da lada mai tsoka ga wanda zai sauka. Samari suka ce in sun isa ƙasa me za su faɗa, alhali ba gari ne ya aike su ba? Duk suka noƙe. Ya zama dole Barmo ya sauka da kansa.

Wa zai riƙe masa igiya? Duk garin nan ba wanda ya fito sai Tasalla, tana tafe tana tangaɗi, da goyonta a baya. Ba wai ta huce ba ne. Ta san in ruwa bai dawo ba ɗanta ba zai kai gobe ba, kuma duk tsiya Barmo ɗan uwanta ne. Ta naɗa igiya a gindin gawon da ke gefen rijiya, ta riƙa saki kaɗan kaɗan.

Barmo yana sauka, yana sauka. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce farar ƙasa, ya wuce baƙin dutse. Haske yana ƙanƙancewa a samansa, sanyi yana hawa ƙafarsa. Can sai ya ji ya taka laka. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga fartanya ya sara.

Sara ɗaya ya yi, sai bangon rijiya ya buɗe.

Yara, ku saurara da kyau, don ni kaina in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Ruwa ya gani. Ruwa shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, ba gaɓar gabas, ba ta yamma. Ba rana a wurin, ba wata, amma ruwan da kansa yake haske. Yana tafiya a hankali, ba ya ƙara ko kaɗan. Barmo ya ɗaga kai, sai ya ga ɗigo-ɗigon haske birjik kamar taurari. Ashe bakunan rijiyoyin duniya ne gaba ɗaya. Guguna suna sauka suna hawa, na fata, na ƙwarya, na garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba, kowa yana ɗiba, ruwan bai ragu ba. Rijiyar da ya kulle ɗigo ɗaya ce a cikinsu, da ƙyar ma ya gane ta. Fartanya ta faɗi daga hannunsa.

Sai ya ji murya. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, kuma a ƙirjinsa ya ji ta kafin kunne.

"Wa ya aiko ka?"

Ke Ladingo, me ya kamata ya ce? Yauwa, gari ne ya aiko ni. Ko ke kin sani. Amma Barmo ya dafe mabuɗin wuyansa ya ce ba wanda ya aiko shi, shi ne mai rijiyar.

Ruwa ya ce, "Ashe kai ne mai karɓar kuɗina. Tun kana cikin uwarka a cikina kake kwance. Da ni aka yi maka wankan haihuwa, ni kake sha har ka yi gemu, ban taɓa neman komai ba. Tunda yanzu biya ake yi, biya ni."

Barmo ya ce zai kawo zinariya da azurfa. Ruwa ya ce a kansu yake kwance tun farkon duniya, ba abin da suka tsinana masa. Nasa kawai zai karɓa, wanda ke jikin Barmo.

Sai ruwa ya kira zufa. Barmo yana kallo zufarsa ta tashi daga goshi, daga wuya, daga gadon baya, ta bi iska ɗigo-ɗigo ta faɗa cikin ruwa. Fatarsa ta bushe kamar ƙirgi. Ruwa ya ce bai isa ba.

Sai ya kira yawu. Nan take bakin Barmo ya ƙafe, harshe ya manne a dasashi. Ƙishirwa ta kama shi, irin wadda bai taɓa sanin akwai ta ba. Ya durƙusa ya kai hannu zai kamfata, ruwa ya ja baya. Ya matsa, ruwa ya ƙara ja. Ga ruwan duniya duka a gabansa, ko ɗigo bai samu ba. Ruwa ya ce har yanzu bai isa ba.

Barmo ya ɗaga kai don ya kira a ja shi, murya ta ƙi fita. Sai ya hangi bakin rijiyarsa, ya ga Tasalla ƙarara kamar tana gabansa. Igiya ta yanka tafin hannunta, jini yana bin igiyar, ba ta saki ba. Kan yaron ya langaɓe a bayanta, bakinsa a buɗe, yana kuka ba sauti. Nan Barmo ya gane wutar da ta kama maƙogwaronsa yanzun nan ita ce ta daɗe tana cin wannan ɗan mitsitsin yaro, kuma shi ne ya hura ta. Kunya da tausayi suka rufe shi. Bai san sa'ad da hawaye suka ɓalle masa ba. Suna fita ba su taɓa kumatunsa ba, sai suka bi iska suka faɗa cikin ruwa. Ruwan nan mara iyaka ya girgiza tun daga nan har inda ido ba ya kai.

Ruwa ya ce, "Biyun farko ƙwata na yi. Wannan kai ka bayar da kanka. Na karɓa."

Sai ruwa ya taso.

A sama Tasalla ta ji igiya ta yi sako-sako, ta ɗauka wanta ya mutu. Sai ta ji gurnani daga ƙarƙashin ƙasa kamar hadari na tahowa. Kafin ta ja da baya, ga ruwa ya cika rijiya fal, ya ɗago Barmo ya ajiye shi a ƙasa a hankali. Ya ture ginin dutse, ya yi gaba da murfin ƙarfe, ya malala cikin lunguna. Mutanen gari suka fito suka tsaya cirko-cirko. Duk da ƙishirwar da ke cinsu ba wanda ya iya kai hannu. Tsofaffi suka tuɓe takalma, bakinsu yana motsi da salati.

Tasalla ce ta fara durƙusawa. Ta sha, ta sha, ta tsoma yatsa ta ɗiga wa yaro a baki. Ya haɗiye. Ta ƙara ɗigawa. Can sai ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, ta sa masa nono, ya kama. Da ya ƙoshi ya saki, sai ya tsala kukan da har ƙofar dagaci an ji.

Barmo yana zaune a laka yana kallonsu. Fuskarsa ta yamutse, kafaɗunsa suna rawa, amma ido ƙamas. Ruwa bai mayar masa da abin da ya karɓa ba, har ya mutu. Ba ya zufa, ba ya yawu. In ya yi 'yar tafiya kaɗan sai baki ya bushe, ya tsaya a ƙofar wani ya nuna maƙogwaronsa. A fito da ruwa mai sanyi a ba shi. Gidajen da ya kwance wa zare, su ma su ba shi, ba wanda ya taɓa ce masa kawo kuɗi ko wuri ɗaya. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ya shanye, ya miƙa ƙwarya, ya tsaya yana son ya yi kuka, babu hawayen yi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu, nan ta tsaya. Duk wanda ya ce muku ruwa nasa ne, ku tambaye shi ko ya biya wanda ke cikin jikinsa. Ku tashi haka nan, ku je ku kwanta.