Haƙoran Iya Ladingo a Jikin Gwanda

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To, ku matso. Kai mai doguwar ƙafa, janye ta daga zanena.

Wata tsohuwa ce, sunanta Iya Ladingo. Ba ɗa, ba jika. Abin da ta mallaka a duniya bai wuce gwanda guda a bayan ɗakinta ba, sai haƙora uku a bakinta. Gwandar nan da ruwan alwalarta ta raine ta, 'yata ma take ce mata. Haƙoran kuwa tattalinsu take yi saboda naman Babbar Salla, don Iya akwai son nama, ba a magana.

A wancan zamani gwanda ba ta da abin kare kai. Bagaruwa na da ƙaya, maɗaci na da ɗaci, ita kuwa in ka tsinki ganyenta ruwa ne zalla.

Ran nan sai ga Tsutsa tana jan ciki.

"Salamu alaikum, Gwanda. Baƙuwa ce, inuwa kawai nake so."

"Bismilla, hau."

Ta hau. Jim kaɗan ta ce, "Af, gefen ganyen nan ya karkace, bari in daidaita miki." Ƙurus, ƙurus, ta cinye. Da gari ya waye ta kira 'ya'yanta wai su gaida mai masauki. Daga nan sai dangi, har da surukai. Ja'ira mara kunya!

Ganye ya koma kamar rariya. Gwanda ta yi yaushi, 'ya'yanta na zubewa tun suna ƙanana. Iya ta ɗauko gora tana kaɗawa, amma ido ba ƙarfi, hannu ba ƙarfi. Tsutsotsi suka liƙe ƙarƙashin ganye suna mata dariya.

"Iya, mutuwa zan yi," in ji Gwanda. "Suna cizona, ni ba ni da abin ramawa."

Tausayi ya kama Iya. Ta sa harshe ta shafa haƙoranta. Ga Salla ta ƙarato. Sai ta kama ɗaya, da ma yana girgiɗi, ta fizge. Ta binne a gindin Gwanda, ta zuba ruwa.

Saiwa ta shanye haƙori, ruwan jikin Gwanda ya ɗan yi fari. Tsutsa ta gatsa ganye ta ce, "Kai, yau har da yaji aka sa mana? Madalla!"

Iya ta cire na biyu ta binne. Tsutsa ta gatsa, bakinta ya ɗauki ƙaiƙayi. Ta sosa ta ce, "Tsohuwa, ki daina wahalar da kanki. Mu da wannan gida sai mun ga bayansa."

Iya ta ɗaura wa na uku zare.

Gwanda ta ce, "Iya, don Allah bar shi. Shi kaɗai ya rage miki."

"Wa ya tambaye ki? In na ci naman, a inuwar wa zan zauna in yi sakace?"

Wannan haƙori lafiyarsa lau, da ƙyar ya fita. Jini na zuba, hawaye na zuba, haka ta binne shi, baiwar Allah.

Nan take ruwan Gwanda ya yi fari fat, ya yi kauri. Tsutsa ta gatsa ta haɗiye, sai ta ƙwala ihu.

"Wayyo cikina! Wa ke tauna ni ta ciki?"

Gwanda ta ce, "Iya ce."

Tsutsa ta faɗo tim, dangi suka biyo ta. Kaji suka yi biki. Gwanda ta sake sabon ganye.

Salla ta zo. Maƙwabci ya aiko wa Iya rabonta na layya, tsokar tsohon bijimi, tauri kamar igiya. Ta yanki rabi ta dafa, ta sa a baki. Dasashi ya zame nan, ya zame can. Ta tsotsa ta fitar. Gari duk ƙamshin suya, ita kuwa ta zauna gindin Gwanda tana kuka.

"Iya, kukan me kike yi?"

"Ba komai, 'yata. Hayaƙi ne."

"Tsinki ganyena ki murza, ki ƙunshe sauran ɗanyen naman a ciki, ki je ki yi salla ki huta."

"Me zai yi?"

"Ai haƙoranki na wurina. Ajiya kika ba ni. Ni zan tauna miki."

Iya ta yi yadda aka ce. Da ta buɗe ta dafa, nama ya yi luguf, harshe kaɗai ke raba shi. Ta ci, ta ci, har mai na bin gwiwar hannunta, tana dariya da bakin nan ba ko haƙori guda.

Shi ya sa har gobe in kun yanki ɗanyar gwanda farin ruwa ke fita, ya ciji tsutsa, ya ciji hannun yaro mai ƙiriniya. Shi ya sa kuma uwarku ke ƙunshe nama mai tauri a ganyenta. Haƙoran Iya Ladingo ne ke aiki.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Wanda bai wanke baki ba kuma, kar ya zo mini kuka ran Salla.