Ƙwaryar da Sarki Barmo Ya Jira Ta Zama Wayam

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai zafin zuciya, Barmo. Ran nan ƙanensa Jatau ya musa masa magana a gaban fadawa, sai sarki ya kore shi daga ƙasar, ya rantse ba zai dawo ba.

Waziri Tankari ya faɗi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a sa wa hukuncin nan iyaka." Ya kawo ƙwarya da tsakuwa, farare da baƙaƙe, baƙa ɗaya tana cinye fara ɗaya. Ya tsara adadin tsakuwar shekaru ukun farko, ya ce daga nan kowace shekara a ninka na bara, a ɗebe na bara waccan sau uku, a ƙara na shekarar da ta gabace su. Shekarar da ƙwarya ta tashi wayam, Jatau ya dawo gida. Sarki ya sake rantsuwa a kan haka.

Waziri ya rasu bai faɗa wa kowa ko ranar za ta zo ba.

Fushi ya huce, kewa ta kama sarki. Bana farare, baɗi baƙaƙe, ƙwarya dai ba ta taɓa zama wayam ba. Ya tara malaman hisabi ya ce, "Ban tambaye ku yaushe ba. Ranar za ta zo, ko ba za ta zo ba?"

Malamai suka wanke alluna har hannuwansu suka yi kanta. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun leƙa shekara dubu gaba, ba mu gan ta ba. Amma wa ya san ta dubu da ɗaya? Ba mu da hanyar da za mu ce ba za ta zo ba har abada."

Sai Alƙali Zangina ya ce, "Allah ya ja zamaninka, rantsuwa tana da kaffara. Ciyar da miskinai goma ne."

Sarki fa ya san wannan tun yana yaro. Girman kai ne ya ci masa shekara goma sha tara, abin tausayi.

Aka ciyar da miskinai, aka tura manzo ya ɗauko Jatau. Bayan wata biyu ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa, ya ajiye wata tsohuwar ƙwarya cike da tsakuwa. "Ranka ya daɗe, shi ma yana lissafawa. Da damina aka binne shi."

Sarki ya yi kuka a gaban jama'a. Ya yi doka: kada a ƙara yanke wa mutum hukuncin da ba a san ƙarshensa ba. Sa'an nan ya ƙirga tsakuwar Jatau da hannunsa. Daidai take da tasa, ko ɗaya ba ta ɓace ba.