Akushin Iya Tabawa

Ku yi mini shiru, a gajiye nake, kuma ba zan maimaita ba.

A wani gidan gajiyayyu akwai wata tsohuwa makauniya, Iya Tabawa. Tunda aka yaye ta ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, kullum hannu uku ko huɗu a kwano. Sai annobar tari ta ɓarke. Aka garƙame ƙofa, aka hana ziyara, kowa ɗakinsa, kowa kwanonsa. Cutar ba ta kama Iya ba, amma ta rufe baki. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta.

Likita ya auna, ya ce lafiyarta ƙalau. Laraba ce, nas ɗin gidan, wadda ta manta rabonta da barcin kirki, ta lura Iya kan laluba gefen kwano tana neman hannun wani, in ba ta ji ba sai ta ture. Laraba ta ja gadon Iya bakin taga, daura da tagar ɗakin da ke kallonsu.

Sai dai cikin Iya ya riga ya ƙi komai. Ɗanta Barau, direban tirela, ya ajiye mota ya tare a bakin ƙofar. Kullum yana miƙo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawar ƙauyensu, a tsohon akushinta. Ko fuskarta bai gani ba. Ƙamshin ya sa ta ɗaga kai, amma hannu bai shiga ba.

A ɗaya tagar kuwa Goggo Dudu ce, abokiyar faɗan Iya, wadda ko gaisuwa ba sa yi. Ita kam tarin ya kayar da ita, da ƙyar take zama. Duk da haka ta riƙa jawo kwanonta tana tauna da ƙarfi.

"Ke makauniya, mutu mana! Gadonki nake so, nawa ya lotsa."

"Sai dai ki mutu a lotsattsen, mayya!" in ji Iya, ta kai loma.

Haka kullum, zagi ɗaya, loma ɗaya, har Iya ta murmure.

Da annoba ta lafa, likita ya ce mutum ɗaya tak zai zauna ya ci da ita. Iya ta rungume akushi.

To, ku da ba ku rasa bakin magana: hannun wa ya kamata ya fara shiga akushin nan?