Iskar Bakin Baba

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da ciwon mantuwa ya kama. 'Ya'yansa duk sun watse wurin aiki da aure, sai Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta dawo gida tana jinyarsa.

Ciwon nan ba shi da tausayi, jama'a. Auta za ta kawo masa ruwa, ya karɓa da ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah." 'Yar cikinsa fa! Takan juya baya ta share hawaye kada ya gani.

Abu ɗaya ne ke dawo mata da shi. A ƙarƙashin talabijin akwai wata tsohuwar na'urar gem, irin mai kaset ɗin nan da ake turawa ta sama, wadda ya sayo mata tun tana firamare. Kaset ɗaya ya rage, na wasu 'yan mutane biyu da ke hawa tsani suna tsinko 'ya'yan itace.

Kullum bayan la'asar sai Baba ya zare kaset ɗin, ya hura masa iska fuu, ya miƙa mata ita ma ta hura, sannan a saka. Da kiɗan ya tashi sai fuskarsa ta washe.

"Auta, yau ma sai na cinye ki."

Wannan ɗan lokacin kaɗai take da uba a yini guda.

Ana nan, rannan aka kunna sai hoto ya rikice. 'Yan mutanen suka farfashe suka zama ƙananan akwatuna, layuka kore da ja suka ratsa allon, tsanin ma ya rabu biyu. Baba ya hura, ya sake hurawa har numfashinsa ya yi sama. Ina! Ya ajiye abin dannawa ya koma kallon bango.

Yayanta ya bugo waya ya ce, "Ke ma da wahalar da kai. Sauke masa irinsa a waya mana." Ta sauke. Baba ya jujjuya wayar ya mayar mata, ya ce wani ya manta madubinsa.

Sai ta naɗe na'urar a mayafi ta nufi kasuwa, wurin wani mai gyara da maƙwabtansa ke tsokana da Sannu-a-hankali, don ko shago na cin wuta ba ya sauri. Rumfarsa cike take da matattun rediyo da wayoyi a murɗe.

"Don Allah malam, yau nake so," in ji Auta.

"To, zauna tukuna, 'yar'uwa. Bari mu ji waye mara lafiyan, kaset ko uwar."

Ya canza wayar da ke haɗa na'urar da talabijin, hoto bai gyaru ba. Ya ɗauko wani kaset nasa ya saka, hoto ya fito tas. Ya gyaɗa kai.

"Uwar lafiyarta ƙalau. Kaset ɗinku ne."

Ya haska ƙasan kaset ɗin da tocila ya nuna mata 'yan haƙoran ƙarfen da ke jere. Duk sun yi baƙi, wasu har da kore-kore.

"Wa ke hura masa iska?"

"Babana. Da ni."

"Ai shi ne. Danshin baki ne ya ci su. In haƙori ɗaya bai taɓa ba, hoto sai ya haukace."

Ya jiƙa auduga da sifirit, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai wanke wa jariri kunne. Auta kam ta zauna ta tashi, ta zauna ta tashi. Da ya gama, 'yan mutanen nan suka dawo kan tsaninsu, hoto garau har ya fi na da.

"Amma a daina hurawa," ya ce.

Ta riƙe maganar nan gam. Da la'asar Baba ya miƙa hannu zai zare kaset, tuni ya tattara leɓe zai hura. Auta ta yi wuf ta fizge.

"Baba, kar ka hura! Kai ne fa kake lalata shi!"

Ta saka da kanta. Kiɗa ya tashi, hoto tsaf. Amma Baba ya maƙale a ƙarshen kujera, yana kallonta a tsorace.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ban san naki ba ne."

Wayyo. Gara a ce marinta ya yi.

Ta gwada washegari, ta sake gwadawa rana ta gaba. Ta saka kaset da kanta, ta ɗora masa abin dannawa a cinya, ko taɓawa bai yi ba. Gem ya gyaru, uba ya tafi.

Ta koma rumfar mai gyara idonta jawur. Ya zaci gyaransa ne ya sake lalacewa, har ya miƙa hannu zai ɗauko tocila. Ta kwashe labari duka ta faɗa masa.

Mutumin nan ya janye hannunsa daga tocilar. Sannan ya ce, "Laifina ne, 'yar'uwa. Na tambayi wa ke hurawa, ban tambayi me ya sa ba. Ki bar shi ya hura."

"Zai sake lalacewa fa."

"Zai lalace mana. Ki kawo in goge. In ya sake, ki sake kawowa. Audugar duniya ba ta ƙare ba." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ni da zan sami nawa uban ya ɓata mini aiki yau, wallahi da na gode wa Allah."

Bai tsaya nan ba. Ya zuba mata sifirit a 'yar kwalba, ya koya mata yadda za ta riƙa gogewa da safe ta bar shi ya bushe, don kada ta yi ta zarya.

Da la'asar ta durƙusa gaban Baba, ta miƙa masa kaset da hannu biyu. Ya noƙe. Ba ta matsa masa ba, ta ci gaba da riƙewa har hannunta ya gaji.

"Baba, ya ƙi yi ne. Ni ban iya ba. Taimaka mini."

Ya dubi kaset, ya dube ta. A hankali ya karɓa, ya juya ƙasansa, ya hura fuu. Sai ya miƙo mata. Ta hura, hawaye na zuba, ta saka.

Kiɗa ya tashi. Baba ya gyara zama, ya lalubo abin dannawa, ya juyo ya ƙura mata ido.

"Auta? Ina kika shiga ne? Tun ɗazu nake nemanki."

"Ga ni nan, Baba. Ban je ko'ina ba."

Darasi: Kada garin gyara kaya mu karya zuciyar mai kayan. Abin da kake gani kuskure ne a wurin tsohonka, wataƙila shi ne 'yar igiyar da ta rage yana riƙe da kai. Ƙarfe yana goguwa, amma iyaye in sun tafi ba su dawowa. Ku tura wa duk wanda ke jinyar uwa ko uba, ya san ba shi kaɗai ba ne.