Dalilin Da Ya Sa Mutanen Layin Maƙera Ke Tafiya A Tsakiyar Titi

Dalilin da ya sa kuke tafiya makaranta ta tsakiyar titi, kuna kauce wa babura, ba laifinku ba ne, yara. Ku zauna ku ji, kada wanda ya katse ni.

A da, Layin Maƙera yana da wurin tafiyar ƙasa a kowane gefe. A gefen gabas akwai gidan Malam Ilu, wanda ya dasa darbejiya tun daga ƙofarsa har bakin kasuwa. A gefen yamma, daidai saitinsa, akwai gidan Alhaji Tanimu, babu ko ganye ɗaya. Kowa inuwa yake bi. Kun kuma san al'adarmu, ba a ɗaga wa babba murya da gaisuwa daga tsallaken hanya. Don haka duk mai wucewa sai ya durƙusa ya gai da Malam Ilu, Alhaji Tanimu kuwa yana zaune yana kallo.

Abin ya ci masa rai. Wata rana ya tsallaka ya ce, "Malam Ilu, me kake raba musu ne? Na girme ka, gidana ya fi naka, amma ko mai tallan goro ba ta ce mini sannu."

Malam Ilu ya yi dariya. "Alhaji, ba ni suke so ba, inuwa suke so. Ga iri, ka dasa."

"Ni ne zan zauna jiran itace ya girma? Allah ya sawwaƙe!"

Da ma'aikata suka zo gina magudanar ruwa, Tanimu ya riga kowa tarbarsu. Ya kai musu fura mai sanyi, ya rantse musu cewa ruwan damina gabas yake bi. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ba wanda suka tambaya. Suka sare bishiyoyin kaf, suka haƙa rami a wurin, suka bar shi a buɗe suka yi tafiyarsu.

Dole mutane suka koma gefen Tanimu. Murna ta cika shi. Ya kira magini ya yi masa dakali mai faɗi don karɓar gaisuwa, dakalin ya cinye wurin tafiyar har bakin kwalta. Maƙwabta suka ce ai Tanimu bai fi su ba, kowa ya gina nasa. Masu tafiya suka rasa wurin sa ƙafa, suka gangara cikin titi.

Tanimu ya sa sabuwar riga ya hau dakali. Sai ga Ladidi, 'yar ƙanensa, ta zo wucewa da sauri.

"Ke Ladidi, ba ki gan ni ba ne?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. "Baba, in kalle ka ko in kalli mota?"

A kan dakalin nan ya tsufa, ba wanda ya taɓa durƙusa masa.

Shi ya sa har yau gabas rami ne, yamma dakali, ku kuma kuna tsakiya da ranku a hannu. Wanda ya jawo abin ya rasu, amma masu alhakin gyara suna nan da ransu. A rufe ramin, a rushe dakalan, a mayar mana da bishiyoyinmu.